Yadda zaka ɗauki hoto ya fito tsaf tun daga kamara, ba sai ka kwana kan Photoshop ba

Akwai wata magana da in na ji ta a bakin yaran da ke koyon aiki a wajena sai inji raina ya ɓaci, wato "maigida bari kawai, zamu gyara a kwamfuta." Kuma ba wai ina ganin laifinsu sosai bane, don nima bakina ya saba da ita shekaru, har sai da wani biki a unguwar Yelwa nan Garwa a arewacin Kamaru ya koya min hankali. Watan Afrilu ne, kun dai san zafin garin nan a lokacin, ana haura digiri 40 kamar wasa, an ɗaura aure ana fitowa wajen sha ɗaya da rabi, ango ya sha farar shadda da aiki tun daga wuya har ciki, ni kuma ina ta harbi ba ko duba bayan kamara tunda a raina ai akwai kwamfuta a gida. Da dare na zuba hotuna, rigar nan ta zama kamar an yanko farar takarda an manna masa a jiki, ba zare ba lanƙwasa ba komai. Na ja wannan na ja wancan har kuran, wato wutar lantarki, ya tafi ya dawo, abin da na samu kawai farin ya koma ruwan toka mai datti. Da na kai masa sai ya juya hoton ya sake juyawa yace "Malam, ina aikin rigata? Ka san nawa na ba tela kuwa?" Wallahi ban da haƙuri babu abin da na iya bashi.

Dalilin kuwa mai sauƙi ne. Hoton JPEG, wato irin fayil ɗin hoto da kamara da waya suka saba fitarwa, kowace kala tana da matakai 256 ne, daga 0 baƙi ƙirin zuwa 255 fari fat. Duk wurin da haske ya yi yawa har ya buge 255, kamara bata rubuta komai a wurin ba sai "fari", to me manhaja zata fito maka da shi? Bata da inda zata ɗauko. Haka hoton da hannu ya girgiza, haka wanda saitin kaifi (focus) ya faɗa kan bango ya bar fuska. Photoshop tun 1990 yake, Lightroom ya zo 2007, yanzu ga masu ƙirƙirarriyar basira suna ta fitowa, amma su waɗannan sababbin in ka basu wurin da ya ƙone zana maka wani aikin suke daga kansu, ba na telan ango ba, kuma mai riga ya san rigarsa. Tun ran gini tun ran zane. To ga yadda nake bi yanzu, daga daren jajibiri har miƙa hoto.

Mataki na farko tun a gida ne, daren da gobe aiki. Ka caja batir biyu aƙalla tun kuran na nan kar kace sai da safe. Ka kwashe abin da ke katin memori ka goge shi daga cikin kamarar kanta. Sannan ka dawo da saitin kamara daidai, don sau da yawa jiya ka yi aikin dare ka bar ISO, wato lambar da ake ɗagawa kamara ta ga haske a duhu, a 3200, gobe ka fita rana da shi, hotuna ashirin na farko duk sun tafi kafin ka farga.

Sai ƙura, wadda mu nan arewa ita ce babbar abokiyar gabarmu, musamman Disamba zuwa Fabrairu lokacin hunturu da hazo ke rufe gari har ba a ganin ƙetaren Binuwai sosai. Ga gwajin: ka rufe ƙofar haske ta lens zuwa f/16 ko f/22 (girman lambar, ƙanƙantar ƙofar), ka ɗauki sararin sama ko farin bango, ka zuƙo hoton a bayan kamara ka bi shi lungu lungu. In kaga ɗige ɗige baƙaƙe to ƙura ce a kan sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar hoto a cikin kamara, kuma a kowane hoto zata fito a wuri guda, ka lissafa hoto ɗari uku kana bin su da linzami ɗaya bayan ɗaya. Ka sayi ɗan famfon roba na hura iska, ka cire lens, ka kifa kamara bakinta na kallon ƙasa ka hura. Banda hurawa da baki, yawu zai bi. Gilashin gaba kuma ka fara hure shi kafin ka goga da ƙyalle mai laushi, in ka goga da bakin riga alhali akwai yashi a kai ka karce shi kenan har abada. Kuma dan Allah kar ka canza lens a tsakiyar filin hawan sallah dawakai na tada ƙura, ka shiga zaure ko cikin mota.

Mataki na biyu, kafin ka ɗaga kamara ka tsaya ka kalli haske, daga ina yake zuwa, ina yake faɗuwa a fuska. Nan yankin rana na fitowa wajen shida ta faɗi wajen shida da ɗan wani abu kusan duk shekara, haske mai daɗi shine daga fitowarta zuwa wajen takwas da rabi, sai kuma bayan la'asar zuwa dab da magariba, kuma na yamman baya jira, minti kaɗan zaka ga duhu ya rufo. Matsalar ita ce ba mu ke sa lokacin ɗaurin aure ba. In rana na tsaka tana sauka ne daga sama, hula ta yi inuwa a goshi, idanu su shige rami, hanci ya yi ƙyalli, kowa ya murtuke fuska. Maganin ba a kwamfuta yake ba, a ƙafarka da bakinka yake. Ka ce "Alhaji dan Allah ku ɗan matso nan inuwa, minti biyu kawai," ba wanda zai ƙi in ka faɗa da ladabi.

Amma inuwa ma suna suka tara. Gindin darbejiya ana son sa saboda sanyi, sai dai in ganyen bai yi kauri ba rana na ratsowa ta yi wa mutane dabbare dabbare a fuska kamar damisa, wannan kuwa gyaransa azaba ne. Ka nemi inuwar bango ko ta gini, ka tsayar da su a bakin inuwar suna fuskantar fili, ba can ciki ba. Bakin zaure ma wuri ne mai kyau sosai, mutum na ciki taku ɗaya yana kallon waje, bayansa duhu fuskarsa haske mai laushi. Abin da za ka guda shine rumfar tampol mai kala, ja ko shuɗi ko kore da ake kafawa a biki, duk wanda ya zauna ƙarƙashinta fatarsa ta ɗauki kalar, ka fito da amarya daga ciki tukuna. In gefe ɗaya na fuska ya yi duhu ka ba yaro farin zane ko babban farin kwali ya riƙe a wannan gefen ya maido haske, ba sai ka sayi na kanti ba.

Mataki na uku shine inda nake so ku natsu, don nan ne aikinmu ya bambanta da abin da zaku gani a bidiyon Turawa: baƙar fata cikin fararen kaya. Ma'aunin hasken da ke cikin kamara ba ya san ango ba ya san amarya, shi dai ƙoƙarinsa ya mayar da duk abin da ya gani tsaka tsaki, ruwan toka. In firam ya cika da fararen riguna sai ya ɗauka haske ya yi yawa ya rage, fuskoki su nutse. In kuma bayan mutum duhu ne ko ka auna a fuska kawai sai ya ƙara, riga ta ƙone kamar yadda ta faru da ni. Tun zamanin fim ma abin haka yake, katin da Kodak ke raba wa masu wanke hoto su daidaita kala da shi a shekarun 1950 hoton farar mace ne a kai, ba da fatarmu aka auna ba. Don haka kai ne zaka yanke hukunci ba kamara ba.

Ga yadda nake yi. Na farko ka shiga menu ka kunna gargaɗin ƙonewa, wanda in ka duba hoto wurin da ya ƙone zai riƙa ƙiftawa baƙi fari. Na biyu ka kunna histogiram, wannan ɗan zanen mai kama da tsaunuka, hagu duhu dama haske. Ido ba mudu ba ne, balle a rana da allon kamara ke ruɗin mutum, kaga hoto kamar ya yi alhali ya ƙone, amma zanen baya ƙarya: in tsaunin ya je ya jingina da bangon dama ya hau shi, ka rage. Ka ɗauki hoton gwaji ɗaya na mai farar riga tun kafin a fara hidima, ka yi ta ƙara haske har rigar ta fara ƙiftawa, sai ka dawo baya danna ɗaya ko biyu. Nan ne iyakarka. Yanzu ka duba fuska. In ta fito shikenan, in ta yi duhu kar ka ƙara hasken hoton gaba ɗaya, fuskar zaka kai wa haske, ko da farin kwali ko da filash da ka rage ƙarfinsa, kamar -1 zuwa -2, ya ɗan cike inuwa ba tare da ya nuna an yi filash ba. Ka tuna yawancin kamarori da filash basa wuce gudun ƙiftawa 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa, in ka haura zaka ga rabin hoto baƙi ko kamarar ta ƙi.

Ga lambobin da zaka fara da su in ka sa kamara a M, inda kai ke saita komai da hannunka. Rana tsaka sama garau: ISO 100, f/16, 1/125, tsohuwar ƙa'ida ce tun ta masu fim kuma har gobe tana aiki. In kana son bayan mutum ya ɗan narke sai ka buɗe zuwa f/8 ka kai gudu 1/500, ko f/4 da 1/2000, duk haske ɗaya ne. Ka shiga inuwar bango: f/5.6 da 1/125 ko kusa da haka. Ranar hazo mai kauri haske na raguwa kuma yana laushi, gaskiya ni ina son sa don hoton fuska, sai dai sama zata fito fari fat ba shuɗi, ka rage ta a firam kawai maimakon ka je kana manna sararin samaniyar wata ƙasa a bayan mutumin Marwa. In M na baka tsoro tukuna ka zauna a A ko Av, inda kai ke zaɓar ƙofa kamara ta zaɓi gudu, ka riƙa wasa da maɓallin +/- na ƙara haske da ragewa, ba abin kunya bane.

Masu waya kuma, ku taɓa fuskar mutum a allo, ɗan hoton rana zai fito a gefe, ku ja shi ƙasa ko sama har riga da fuska su sasanta. Ku goge gilashin kamarar kafin komai don maiƙon hannu ne ke sa hoto ya yi hazo hazo, ku kashe abin nan na ƙawata fuska da wayoyi da yawa ke zuwa da shi a kunne.

Mataki na huɗu, kaifi. Hoton da ya yi duhu kaɗan ana iya ceto shi, wanda ya girgiza kuwa sai dai addu'a. Ƙa'idar hannu: gudun ƙiftawa kar ya gaza lambar lens ɗinka, in kana 50mm kar ka sauka ƙasa da 1/60, in ka zuƙo zuwa 200mm to 1/250 zuwa sama. Wannan na girgizar hannunka ne kawai, motsin mutane daban. Mutum a tsaye 1/125, masu tafiya da yara 1/250, filin rawa da liƙi 1/500, dawakai sun sako a guje gaban fadar lamiɗo ranar sallah kuwa 1/1000 ne mafi ƙanƙanta, in akwai rana ka kai 1/2000. Haka in ka samu shiga filin Roumdé Adjia ɗaukar ƙwallo.

Yara da yawa tsoron ISO suke kamar maciji, wai hoto zai yi yashi yashi, sai su bar shi a 200 cikin ɗaki su sauke gudu zuwa 1/15, a ƙarshe ga hoto ba yashi amma amarya da hanci biyu. Ka ɗaga shi 1600, 3200 in ta kama. Yashi yana raguwa a kwamfuta kuma in an wanke a santimita 10x15 ma ba mai lura.

Saitin kaifi kuma ka daina barin kamara ta zaɓa maka, don ita abin da ya fi kusa ko ya fi ƙyalli take kamawa, ka ga ta kama kofin da ke gaban tebur. Ka sa ɗigo ɗaya ka ɗora a idon da ya fi kusa da kai, in kamararka na da mai bin ido ka kunna. Hoton taro mai layi biyu ko uku kar ka yi shi a f/1.8 don kawai ka sayi lens mai f/1.8, na gaba zasu fito na baya su narke, kuma na bayan nan wataƙila baffan ango ne. f/5.6 zuwa f/8, saiti a layin gaba ko na biyu, ka ɗauka sau uku ko huɗu a jere saboda dole wani ya ƙifta. Wani ƙaramin abu: wutarmu a Kamaru da Chadi 50 Hz ce, wasu ƙwayayen LED masu araha da dogayen fitilu suna rawa da ita ido baya gani, in kaga ratsi ratsi a hoto ko kala na canzawa daga hoto zuwa hoto ka dawo 1/100 ko 1/50 ka dafe hannunka da kyau.

Na biyar kala. Hasken rana wajen 5500 yake a ma'aunin kalar haske na Kelvin, tsohon ƙwan fitila mai ja wajen 3000, inuwa kuma 7000 ko fiye shi yasa take ba da shuɗi shuɗi. In ka bar daidaita fari, wato saitin da ke gaya wa kamara kalar hasken wurin, a otomatik, ka ɗauki amarya da jan leshi kala ɗaya, ka juya kan ƙawarta mai kore kala ta canza, kai kuma ka zo kana daidaita su ɗaya ɗaya. Ka zaɓi alamar rana in kana rana, alamar inuwa in kana inuwa. A zauren biki ka ɗauki farar takarda a daidai inda amarya zata zauna ka ce wa kamara wannan shine fari, yawancin kamarori na da wurin a menu, minti ɗaya ne. In ɗakin da ƙwai fari a nan ja a can, roƙi masu gida a kashe ɗaya.

Na shida bazan daɗe a kai ba amma shi ya fi cinye wa mutane dare. Kafin ka danna, idonka ya zaga kusurwa huɗu na firam. Buta, bokiti, igiyar shanya, takalma a bakin tabarma, ledar ruwa a ƙasa, sandar wuta da ta tsiro daga kan liman. Ɗauke buta daƙiƙa biyar ne, goge ta a kwamfuta minti goma kuma tabon na nan. Ka miƙe layin bango. Ka matsa kusa da ƙafarka maimakon kace zan yanke daga baya: kamara mai megafiksel 24 tana baka 6000 a 4000, hoton bango na santimita 20x30 yana son wajen megafiksel 8 in ana so ya yi kaifi, in ka tsaya nesa ka yanko ɗan tsakiya me ya rage? Ka riƙe hankici mai tsabta ko tishu a aljihu, zufa da maiƙon goshi a share su a wurin. Hula ta karkace ka ce "ranka ya daɗe a ɗan gyara hula." Ɓangaren mata kuma ka sa ƙawar amarya ta duba ɗauri da mayafi da hoda, kai dai ka faɗa daga nesa, "Hajiya a ɗan ɗaga haɓa, yawwa."

Na bakwai, RAW (ɗanyen fayil ɗin da kamara bata sarrafa ba) ko JPEG. Kar wani ya fahimce ni a karkace, ni ban ce gyara haramun bane, masu fim ma a ɗakin duhu suna ƙara haske nan su rage can. RAW yana riƙe matakai 4096 in 12 bit ne, ko 16384 in 14 bit, ka kwatanta da 256, don haka yana baka sarari ka ɗago inuwa ka canza kala ba tare da hoton ya farfashe ba. Amma shima in wuri ya ƙone sarai ya ƙone. Kuma yana da nauyi, fayil ɗaya na kamara mai megafiksel 24 na kai mega 25 zuwa 30, tsohuwar kwamfuta sai ta yi ta nishi. Abin da nake yi shine RAW+JPEG a wuraren da ba a maimaitawa, ɗaurin aure, kamu, shigowar amarya, sauran hotunan 'yan biki da ake wankewa a sayar a wurin kuwa JPEG kawai, wanda dole ya fito daidai don ba lokacin taɓa shi.

To yanzu an dawo gida, mataki na takwas. Kafin komai ka kwafe katin wuri biyu. Sannan zaɓe, ka zubar da masu girgiza da masu rufaffen ido ba tausayi, kar ka ɓata minti ɗaya wajen ceton hoton da akwai ɗan uwansa mai kyau a gefe. Sai gyara, kuma a jere: miƙe hoto da yanke gefe, daidaita fari, haske gaba ɗaya, sauke wurin da ya yi haske sosai, ɗago inuwa kaɗan, ɗan ƙarin kala in ana buƙata, kaifi a ƙarshe. Ka gyara ɗaya ka kwafa saitin kan duk waɗanda aka ɗauka a haske iri ɗaya, nan ne zaka ga amfanin wahalar da ka sha a fili, don in saitinka bai yi ta tsalle ba hoto hamsin danna ɗaya ne. Ni dokar da na sa wa kaina, hoton da ya ci min fiye da minti biyu to a fili na yi kuskure, sai in rubuta kuskuren a ɗan littafi. Allon kwamfutarka kuma ka rage haskensa zuwa wajen rabi, in ya cika haske zaka riƙa ganin hoto ya yi, a wanke ya fito duhu.

Maganar manhaja, tun 2013 Adobe masu Photoshop suka koma biyan kuɗi wata wata, shi yasa kowa ke yawo da na sata a kan kile (USB), wanda wasunsu da ƙwayar cuta suke zuwa su cinye maka hotunan mutane. Akwai na kyauta masu kyau, darktable da RawTherapee don RAW, GIMP don aikin goge goge, a waya kuma Snapseed. In hotonka ya fito daidai daga kamara ko wannensu ya isheka.

Sai babbar magana, fata. Abin da ake yi yanzu a hotunan biki gyaran gangar auzinawa ne, a murje fuska har ta koma kamar robar 'yar tsana, ba ramin gashi ba layin murmushi, a ɗaga haske har baƙa ta koma fara sol, wuya da hannu kuma an manta su a kalarsu ta asali. Na taɓa ganin tsohuwa ta riƙe hoton jikarta tana tambaya wace ce wannan. Na san wasu su ke roƙa, "dan Allah ka ɗan haska ni," kuma ciniki ne ba zan ce ka kore su ba. Abin da nake yi shine in nuna mata hoton da aka ɗauka a bakin zaure da haske mai laushi, fatar na sheƙi a kalarta, yawanci sai tace a bar shi haka, don abin da take gudu ba baƙi bane, duhu da ƙyallin maiƙo ne da mummunan haske ke jawowa. Ƙa'idata: abin da zai tafi da kansa cikin sati biyu, ƙurji ko tabon sauro, ina cirewa. Abin da yake nata ne, tsaga, tawadar Allah, wushirya, kalar fata, bana taɓawa sai in ita ta nema da bakinta. In ka yi laushin fata ka sauke ƙarfinsa har sai ka fara ganin ramukan fata sun dawo.

Wuri biyu kuma babu wasa sam. Hoton takardu, 4x4 da ake kai wa makaranta ko wajen jarrabawa ko neman aiki, haske da kala kawai zaka daidaita, ka canza kamanni ka jawo wa mutum a dawo masa da takardunsa. Sai hoton labarai in kana tura wa jarida ko wata ƙungiya. A 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da wani mai ɗaukar hoto da ya ci babbar lambar yabo, saboda kawai ya goge kamarar abokin aikinsa daga kusurwar hoto ɗaya da ya ɗauka a Siriya. A gasar World Press Photo ta 2015 kuma kusan ɗaya cikin biyar na hotunan da suka kai zagayen dab da ƙarshe an fitar da su saboda gyaran da ya wuce gona da iri. A irin wannan aikin butar ma in tana wurin to tana wurin, ba ka gogewa, sai dai ka canza inda ka tsaya.

Na tara miƙawa. Ka fitar da hoto a tsarin kala na sRGB, shi waya da injin wanki suka fi ganewa. In zaka tura ta WhatsApp ka tura a matsayin fayil ba a matsayin hoto ba, in ba haka ba zai matse shi, mai biki kuma ya kai wannan matsattsen a wanke masa babba ya fito dishi dishi ace kai ne baka iya ba. In aiki mai yawa ne ka fara wanke uku a 10x15, ɗaya na rana ɗaya na inuwa ɗaya na dare, ka fito da su waje ka duba kafin ka bada sauran, kowane injin da halinsa.

Ga kuma horon da nake ba duk yaron da ya zo koyo, kai ma ka gwada ko da ka daɗe a harkar. Sati guda, kullum hoto 36 kacal kamar fim ɗaya na da, JPEG, kamara a M, ba gogewa a fili ba taɓawa a kwamfuta. Rana ta farko ka ɗauki mutum ɗaya da farar riga a wuri biyar, rana, inuwar bango, gindin bishiya, bakin zaure, cikin ɗaki. Ta biyu masu motsi, 'yan moto a kan titi sun isa. Ta uku kasuwa, amma ka nemi izini kafin ka ɗauki kowa. Sauran kwanakin ka maimaita wanda ya fi baka wuya. Da dare ka buɗe kowane hoto ka duba lambobinsa, suna nan a rubuce cikin fayil ɗin, gudu da ƙofa da ISO, ka faɗa da bakinka me ya lalata shi. Yaron wajena na yanzu ranar farko huɗu ya kawo masu kyau cikin 36, jiya kwana na shida ya kawo ashirin da uku, sauran kuma duk matsala ɗaya ce, yana manta ya sauke ISO in ya fito daga ɗaki, don haka na manna masa 'yar takarda a bayan kamara na rubuta ISO da jan biro.